Hayar Babur a Ƙasar Waje: Matakan Kariya

A Tailan, Indiya da Malesiya ana tuƙi ne ta hannun hagu, saɓanin Najeriya da Nijar, don haka baƙo yakan rikice a mararraba.

Kafin ka karɓi babur, duba birki, taya da fitila. Tabbatar lasisinka ya haɗa da babur, domin inshorar tafiya ba kasafai take biyan kuɗin jinyar marar lasisi ba.

Sanya hular kwano, ka ɗaure igiyarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin 100.

Idan kanka ya bugu, sannan amai, matsanancin ciwon kai ko yawan barci suka biyo baya, garzaya asibiti nan take.