Birnin Ƙonni a Cinikin Faransa da Ingila, 1890–1906: Rijiyoyi, Takobi da Shata Iyaka

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda yankin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, a jihar Tawa ta yau, ya faɗa hannun Faransa bayan da yarjejeniyar 1898 ta bar shi a rabon Ingila. Ta nuna cewa ta'asar da ayarin Voulet da Chanoine ya tafka a Ƙonni a 1899 da gyaran iyakar da aka yi a 1904 da 1906 tushensu ɗaya ne: buƙatar Faransa ta samun hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi.

Muhimman kalmomi: Ƙonni, Adar, iyaka, mulkin mallaka, Sakkwato.

1.0 Gabatarwa

Idan ana zancen wawason Afirka, taron Barlin na 1884 zuwa 1885 ake fara ambata. Amma ba a can aka shata iyakar Nijar da Najeriya ba. An shata ta ne a jerin yarjejeniyoyi tsakanin Paris da Landan cikin shekara 16, kuma ƙasar Ƙonni na cikin wuraren da aka fi ja-in-ja a kansu. Masana sun yi aiki a kan sassan wannan tarihi: Djibo Hamani a kan Adar kafin zuwan Turawa, Derrick Thom a kan iyakar, Muriel Mathieu a kan ayarin 1899, William Miles kuma a kan rabuwar ƙasar Hausa. Abin da maƙalar ta sa gaba shi ne haɗa waɗannan zare wuri ɗaya, ta hanyar gwama abin da yarjejeniyoyin suka tanada da abin da ya auku a ƙasa.

2.0 Yankin Kafin Zuwan Turawa

Ƙonni na da tazarar kilomita 90 ko ƙasa da haka daga Sakkwato, kuma a ƙarni na 19 tana cikin ƙasashen da ke bin Sarkin Musulmi. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Daga arewa akwai Adar, wadda gidan sarautarta ya samo asali daga Agabba, ɗan Sarkin Agadas, kuma Illela ta zama mazaunin Sarkin Adar. Abzinawan Kel Geres ma suna da ƙarfin faɗa a ji a yankin. Mulki a nan bai dogara da layi a ƙasa ba. Ya dogara ne da mubaya'a da gaisuwa da auratayya da hanyoyin fatake, ta yadda gari ɗaya kan iya girmama iyayen gida biyu. Wannan tsari ne Turawa suka nemi su mayar da shi layi guda a taswira.

3.0 Layin Sayi zuwa Barruwa da Da'irar Sakkwato

A ranar 5 ga Agusta 1890 Faransa da Ingila suka amince da layi daga Sayi, a bakin Kwara, zuwa Barruwa, a bakin Chadi, bisa sharaɗin cewa duk abin da ke na daular Sakkwato zai zauna a ɓangaren kamfanin Ingila na George Goldie. Sharaɗin ya buɗe ƙofar gardama, domin kowane ɓangare na da tasa fahimtar inda ikon Sakkwato ya tsaya.

Yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 ta yanke gardamar da ma'aunin zane. Aka kafa tsinin ma'auni a kan birnin Sakkwato, aka zana da'ira mai nisan mil 100, wato kimanin kilomita 160. Ƙonni da yankin Malbaza suka faɗa cikin da'irar, layin ya kai har kusa da Illela. Ingila ta samu ƙasar noma da rijiyoyi, Faransa kuwa aka bar ta da hanyar arewa mai ƙarancin ruwa. Bayan 'yan watanni aka yi takaddamar Fashoda a bakin kogin Nilu, inda Faransa ta janye wa Ingila. Da ta rasa Nilu, sai Chadi ya zama wurin da take son haɗa mallakarta ta Aljeriya da ta Afirka ta Yamma da ta Kwango.

4.0 Ayarin 1899

Ayari uku Faransa ta tura Chadi: na Foureau da Lamy daga Aljeriya, na Gentil daga Kwango, da na kyaftin Paul Voulet da Julien Chanoine daga yamma. Na ukun ya bar bakin Kwara a farkon 1899 da ɗaruruwan sojoji da tarin 'yan dako da dabbobi, ba tare da isasshen guzuri ba. Ayari irin wannan ba zai rayu a hanyar arewa ba, don haka ya karkata kudu inda rumbuna da rijiyoyi suke, yana ƙwace da ƙone-ƙone. A watan Afrilu ya gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. A watan Mayu ya afka wa Birnin Ƙonni, ya hallaka jama'a masu ɗimbin yawa, ya kwashe mata bayi.

Abin lura a nan shi ne, bisa yarjejeniyar 1898, Ƙonni ba ta cikin rabon Faransa. Sojojinta sun yi kisan ne a ƙasar da gwamnatinsu ta sa hannu cewa ta Ingila ce, ita kuma Ingila ba ta da ko soja ɗaya a wurin, don sai a watan Maris na 1903 ta ci Sakkwato. Kariyar da aka rubuta a takarda ba ta tsare ran kowa ba.

Da labarin ta'asar ya isa Paris, aka tura Kanar Klobb ya karɓe jagoranci. Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori, kusa da Tasawa, ranar 14 ga Yuli 1899, kuma cikin kwana uku sojojin ayarin suka kashe Chanoine da Voulet. Kisan hafsa Bature ne ya girgiza Faransa, ba jinin mutanen Ƙonni ba. An jingina laifin ga mutum biyu da aka ce zafin Afirka ya taɓa hankalinsu, alhali ragowar ayarin ya ci Damagaram a ƙarshen Yuli, ya kuma halarci yaƙin Kusuri na 22 ga Afrilu 1900 inda aka kashe madugun yaƙi Rabe. Gwamnati ta yi tir da shugabannin, amma ta riƙe abin da suka ci.

5.0 Musayar 1904 da Tabbatar da Iyaka

Bayan cin Damagaram matsalar ruwa ta dawo. Ayarin kayan Faransa sai ya zagaya ta Filinge da Tawa kafin ya kai Zindar, babban birnin Damagaram. Maganin ya zo ne daga siyasar Turai. Ƙarfin Jamus ya sa Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniyar zumunci ranar 8 ga Afrilu 1904. Faransa ta sakar wa Ingila Masar, Ingila ta sakar mata Maroko. Faransa ta kuma haƙura da gatan da take da shi tun 1713 a gaɓar tsibirin Newfoundland, wurin masunta. A madadinsa ta karɓi tsibiran Los da ke gaban Konakiri, da Yarbutenda a Gambiya, da matsar da iyakar arewacin Sakkwato zuwa kudu.

Yarjejeniyar 29 ga Mayu 1906 ta daidaita layin, sannan kwamitin haɗin gwiwar ƙasashen biyu, ƙarƙashin Tilho da O'Shee, ya kafa alamomin iyaka daga 1906 zuwa 1908. Ƙonni ta koma ɓangaren Faransa, aka raba ta da Sakkwato. Babbar hanyar Nijar da ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni da Maraɗi zuwa Zindar tana bin wannan zirin ƙasa mai ruwa da aka yi cinikinsa.

6.0 Kammalawa

Binciken ya nuna abu uku. Na farko, ruwa da hanya ne suka tsara iyakar, ba tarihin mubaya'ar jama'a ba. Na biyu, ta'asar 1899 ta samo asali daga tsarin da ya tura babban ayari ba guzuri, don haka bai dace a taƙaita ta ga halin mutum biyu ba. Na uku, makomar yankin ta rataya ga lissafin da ya shafi Masar da Maroko da Jamus, ba tare da an tuntuɓi Sarkin Ƙonni ko Sarkin Adar ba.

Tasirin layin bai gushe ba. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta a 2019, da lokacin takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, manoman albasar Galmi da 'yan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Ƙonni da Illelar jihar Sakkwato sun ɗanɗana kuɗarsu. Ya kamata jami'o'in Tawa da Sakkwato su haɗa hannu wajen tattara labaran baka na zuriyar waɗanda abin ya shafa tun tsofaffi suna raye, domin mafi yawan abin da aka rubuta kan 1899 daga rahotannin maharan ya fito, kuma tarihin yankin ba zai cika ba sai an ji ta bakin masu shi.