Jarrabawar Furuci Ba Tare da Buɗe Baki Ba: Tarihin Sauye-sauyen Takardar Turanci da Ɗaliban Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

A cikin takardu uku na darasin Turanci da ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare ke rubutawa a jarrabawar WAEC, akwai ɗaya da aka keɓe domin auna furuci. Tambayoyi 60 ne, ana amsa su cikin minti 45, makinsu kuma 30. Abin mamaki game da ita shi ne, daga farkonta har ƙarshenta ɗalibi ba ya furta kalma ko ɗaya, ba ya kuma sauraron kowa. Fensir yake riƙewa ya cike gurbi. Wanda ya kuskura ya ɗaga murya don ya gwada sautin da ake tambayarsa, mai sa ido zai tsawata masa. A Gana da Gambiya da Saliyo, inda hukumar ɗaya ce take shirya jarrabawar, ana kunna wa ɗalibai murya su saurara kafin su amsa. A Nijeriya da Laberiya kuwa, takarda ce kawai. Yadda aka yi jarrabawar magana ta koma ta kurame shi ne mabuɗin tarihin wannan darasi baki ɗaya, domin kusan duk sauyin da aka yi wa takardar Turanci an yi shi ne don sauke wani nauyi daga kan mai jarrabawa, ɗalibi kuwa sai dai ya bi. Ɗalibin da ya fi kowa nisa da inda ake yanke shawarar, irin na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a kudancin Jihar Katsina, shi ne kullum ke biyan kuɗin sauyin.

Asalin jarrabawar ba na nan ba ne. A zamanin mulkin mallaka, Jami'ar Kembirij ta Ingila ce ke tsara tambayoyin kammala sakandare, a kawo su, a rubuta, a mayar can a duba. Takardar Turanci ta wancan lokaci ta ƙunshi insha'i da taƙaita dogon rubutu da feɗe jimla bisa ƙa'idojin nahawu, kuma an gina ta ne da tunanin yaron da ya sha Turanci a nono. Dokar ta kasance mai tsauri: wanda ya faɗi Turanci ba zai sami cikakkiyar takardar shaida ba, ko da ya yi fice a lissafi da tarihi. A Arewa masu fuskantar wannan doka ƙalilan ne. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ta koma Kaduna a 1938, daga nan ta zarce Zariya a 1949 inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa, zaɓaɓɓun yara ne daga larduna take ɗauka, kuma Turawa ne ke koyar da su, suna gyara musu lafazi baki da baki. Shi ya sa har yau ake misali da Turancin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin ɗalibanta. Jarrabawar ta yi wa waɗannan yara daidai, saboda an ba su malamin da jarrabawar ta ɗauka suna da shi.

A 1952 aka kafa WAEC bisa shawarar rahoton Dokta G. B. Jeffery, ta riƙa karɓar aikin daga hannun Kembirij sannu a hankali. Sauyi na farko mai ma'ana ya zo ne bayan 1964, shekarar da D. W. Grieve ya miƙa wa hukumar rahoton bincikensa kan jarrabawar Turanci. Jigon rahoton shi ne cewa Turanci harshe na biyu ne ga yaron Afirka ta Yamma, don haka a auna yadda yake amfani da shi, a daina auna shi da mudun ɗan Ingila. A shekarun da suka biyo baya, tambayoyin canki-canka kan kalmomi da ginin jimla suka shigo, feɗe jimla ya ja baya. Adalci ne a ce wannan sauyi ya yi wa ɗalibi rana. Amma ya yi wa hukuma ranar da ta fi haka, domin na'ura na iya duba dubban takardun canki-canka a lokacin da malami ɗaya bai gama karanta insha'i ashirin ba.

Wannan fa'ida ta fito fili bayan 1976, lokacin da gwamnatin soja ta Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Yaran da aka kwasa a wannan shekara su ne suka yi wa makarantun sakandare ambaliya a farkon shekarun 1980, aka buɗe makarantun jeka-ka-dawo a garuruwan da a da sai an tura yaro Katsina ko Funtuwa. Ɗalibai suka ninka, ƙwararrun malaman Turanci ba su ninka ba. A cikin wannan hali aka fara tsarin karatu na 6-3-3-4 a 1982, aka kuma rubuta sabuwar jarrabawar kammala babbar sakandare karo na farko a 1988, shekara guda bayan an ƙirƙiri Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna. Da wannan sabon tsari ne auna furuci, wanda a da na ganin dama ne, ya zama wajibi a kan kowa.

Niyyar tana da kyau, aiwatarwar ce ta gagara. Auna furuci na gaskiya yana buƙatar rakoda da kaset da batir ko wutar lantarki, da ɗaki mai shiru, da mai jarrabawa wanda kunnensa ya san abin da yake saurare, kuma a samar da waɗannan a kowace cibiya ta ƙasar nan. A cikin shekarun 1990 hukumar ta haƙura, ta mayar da furucin kan takarda. Tun daga nan ake nuna wa ɗalibi kalma, a ja layi a ƙarƙashin wani harafi, a ce ya zaɓi kalmar da ke da sauti irin nasa, ko ya nuna gaɓar da ake dannawa, ko ya gane alamomin rubutun sauti.

A nan ya kamata a tsaya a dubi abin da wannan ya yi wa yaro Bahaushe, domin asarar ta fi yadda ake zato. Matsalolinsa a furucin Turanci sanannu ne. Hausa ba ta bambanta sautin p da na f, shi ya sa pan da fan ke zame masa abu guda, kuma a bakin Bakatsine, wanda ke cewa hwara da hwaɗi, lamarin ya ƙara nisa. Sautin v yakan koma b. Jerin baƙaƙe a jere yakan sa ya cusa wasali a tsakani, kamar yadda kakanninsa suka yi har aka sami kalmomi irin su burodi da sukudireba. Duk waɗannan cututtuka ne na baki da kunne, maganinsu kuma ji da maimaitawa. Takarda ba ta jin su, don haka ba ta tilasta wa kowace makaranta ta magance su. Malami mai hankali, da ya ga abin da ake tambaya, sai ya koma rubuta alamomi a allo ana haddacewa. Ta ɗaya gefen kuma, Bahaushe yana da wata baiwa da takardar ta binne. Harshensa yana bambanta dogon wasali da gajere: garin da ake zama a ciki daban, garin da ake tuƙa tuwo da shi daban, tsawon wasali ne kaɗai ya raba su. Kunnen da ya saba da wannan zai kama bambancin ship da sheep cikin sauƙi idan aka furta masa. A jarrabawar saurare, ɗan Faskari zai iya tsere wa ɗan birni a wannan fage. A jarrabawar takarda kuwa, abin da ake aunawa a zahiri shi ne yawan kalmomin da yaro ya taɓa ji an furta daidai kafin ranar, wato gidan da ya fito da makarantar da ya shiga.

Kafa NECO a 1999, a ƙarshen mulkin Janar Abdulsalami Abubakar, da jarrabawarta ta farko a 2000, sun ba ɗalibi ƙofa ta biyu, amma ginin ɗakin bai sauya ba: insha'i, auna fahimta, taƙaitawa, canki-canka, furuci a takarda. WAEC ma ta yi 'yan gyare-gyare, ta rage tambayoyin canki-canka daga 100 zuwa 80, ta mayar da auna fahimta ya zama rubutu ɗaya maimakon biyu. Abin da bai motsa ba shi ne insha'i, mai maki 50, wanda ake son ya kai kalmomi 450. Maki 10 daga ciki na tsabtar rubutu ne, kuma kowane kuskure na nahawu ko na harafi yana cin rabin maki, ma'ana kurakurai 20 sun isa su share gurbin. Yaron da bai taɓa samun malamin da ya karɓi insha'insa ya yi masa jan biro ba yakan gama waɗannan ashirin tun bai juya shafi ba. Ga shi kuma ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, ko da Hausa ko Larabci mutum zai karanta. Tsohuwar dokar Kembirij ta sauya riga ne kawai.

Sauye-sauyen baya-bayan nan kuwa duk tushensu ɗaya: satar jarrabawa. Ciwon tsoho ne, tun badaƙalar 1977 da ta sa gwamnati ta kafa kwamitin bincike, amma wayar hannu ta mayar da shi annoba. JAMB ta fara gwada kwamfuta a 2013, ta koma kanta gaba ɗaya a 2015. WAEC ta bi sahu a farkon 2024 da masu rubutawa daga waje, inda ake amsa canki-canka a kwamfuta, insha'i kuma a karanta tambaya a fuskar na'ura a rubuta a takarda. Shekarar 2025 ta nuna yadda hukumar ta shiga tsaka mai wuya. A ranar 28 ga Mayu, saboda fargabar fitar tambayoyi, takardar Turanci ta makara a cibiyoyi da dama har dare ya yi, aka ga hotunan yara suna rubutu da tocila, hukumar ta nemi afuwa. A wannan shekara ce kuma aka fara hargitsa jerin tambayoyin canki-canka a Turanci da lissafi da wasu darussa biyu, ta yadda maƙwabta a benci ba za su sami jeri iri ɗaya ba. Da sakamako ya fito ranar 4 ga Agusta, kashi 38.32 cikin ɗari ne kacal suka sami kiredit biyar haɗe da Turanci da lissafi. Bayan kwana huɗu shugaban ofishin hukumar na Nijeriya, Dokta Amos Dangut, ya bayyana cewa an duba sashen canki-canka na Turanci da amsoshin da ba nasa ba, adadin ya tashi zuwa kashi 62.96. A cikin waɗancan kwanaki huɗu, dubun-dubatar yara sun kwana da sunan faɗuwa a jarrabawar da suka ci.

Ba na cikin masu cewa a bar ɓarna yadda take. Fitar tambayoyi ta fi cutar da yaron ƙauye mai gaskiya, wanda ba ya cikin zauren WhatsApp da ake raba amsa, ba shi kuma da kuɗin cibiyar da ake sayar da kiredit. Idan kwamfuta za ta toshe wannan rami, shi ne farkon mai riba. Haka kuma, na'urar da ke da abin sawa a kunne za ta iya dawo wa takardar furuci da muryar da aka ƙwace mata fiye da shekara ashirin da biyar da suka wuce, kodayake dalilin da hukumomi suka fi nanatawa shi ne magudi, ba wannan ba.

Sai dai tarihin yankin nan na kusa yana da tambayoyin da ya kamata a amsa. A daren 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kwashe ɗalibai, aka sako 344 ranar 17 ga watan, gwamnatin Aminu Bello Masari kuma ta rufe makarantun kwana. Makarantar kwana ita ce wurin da yaron karkara ke jin Turanci safe da yamma, a ɗakin kwana da wurin cin abinci da zauren muhawara, don haka rufe ta ya fi taɓa wannan darasi a kan kowane. A watan Satumba 2021 kuma aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a daidai lokacin da ake tsakiyar jarrabawar WAEC ta wannan shekara, wadda annobar korona ta jinkirta zuwa Agusta da Satumba. Takarda da fensir ba ruwansu da layin waya. Cibiyar kwamfuta kuwa tana buƙatar wuta, da sadarwar da za a sauke tambayoyi a kuma tura amsoshi, da hanya mai aminci idan ya zama sai an kwashi yara zuwa wani gari. Tafiyar kwana ɗaya ce ɗan JAMB ke yi. Jarrabawar kammala sakandare makonni take ɗauka.

A 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar cewa WAEC da NECO za su koma kwamfuta gaba ɗaya a 2026. A watan Nuwamba na shekarar Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da shirin har zuwa 2030, domin a samar da na'urori da wuta da malamai, musamman a karkara. A cikin watan ne dai ministan ya soke manufar 2022 ta koyarwa da harshen uwa a firamare, ya ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin farko. Idan aka bi lissafin majalisar, yaron Sabuwa da zai zauna gaban kwamfuta ya amsa takardar Turanci a 2030 yana aji biyu na ƙaramar sakandare a zangon karatu na 2025/2026.