John McEwen Dalziel da Sunayen Itatuwan Ƙasar Hausa

John McEwen Dalziel (1872–1948) likita ne ɗan asalin Sikotlan wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa, ya haɗa su da sunayensu na kimiyya. An haife shi a Nagpur ta ƙasar Indiya, ya yi karatun likita a Jami'ar Edinbara, sannan ya yi aikin asibitin mishan a kudancin ƙasar Sin. A 1905 ya shiga aikin likita na gwamnatin mulkin mallaka, aka turo shi Arewacin Najeriya, shekara biyu ke nan da cin Kano da Sakkwato.

Duba marasa lafiya aka ɗauke shi yi, tsirrai kuwa sha'awa ce ta kansa. A ƙasar Katagum da Sakkwato da Zungeru yakan tsinki ganye da fure, ya danne su cikin takarda su bushe, ya aika lambun Kew da ke Landan. Bai tsaya nan ba, sai ya tambayi sunan abin da kuma amfaninsa. Daga wannan tambaye-tambaye littafinsa A Hausa Botanical Vocabulary ya fito a 1916. A ciki mutum zai ga kuka da ɗorawa da kaɗanya da marke da sabara, kowanne da sunansa na Latin. Dalziel ya rubuta, amma masu ilimin su ne manoma da maharba da wanzamai da masu saiwa da sassaƙe da suka zauna suka yi masa bayani, kuma abin takaici ne cewa sunansa kaɗai ke bangon littafin.

Mutumin Rogo ko Ƙaraye da ya san hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, ya san itacen da ke ɗauke da sunan wannan likita. Itace ne mai son fako da gindin dutse, mai ɓawo siriri da ke saɓulewa kamar takarda. Ana dafa sassaƙensa a sha, ana turare da ƙaronsa, ana kuma kafa rassansa a yi shinge, su kama su yi ganye. Masanin tsirrai John Hutchinson na Kew ne ya raɗa masa Boswellia dalzielii.

Bayan ya bar aikin likita, Dalziel ya koma Kew, inda shi da Hutchinson suka wallafa Flora of West Tropical Africa tsakanin 1927 da 1936. A 1937 ya fitar da The Useful Plants of West Tropical Africa, kan abinci da magani da rini da ake samu daga tsirran yankin. Wani masanin tsirrai, H. M. Burkill, ya faɗaɗa shi, juzu'i na farko ya fito a 1985, kuma har yau masu binciken magungunan gargajiya a jami'o'in Kano da Zariya suna komawa gare shi.