Sinadarai masu siririn falle: Yadda jerin ƙwayoyin zarra ke sauya halin lantarki da maganaɗisu

Bakin fensir da ake sayarwa a Kasuwar Sabon Gari da lu'ulu'un daimon abu ɗaya ne a asali, wato sinadarin kabon. Amma fensir yana da laushi kuma lantarki na bi ta cikinsa, daimon kuwa ya fi kowane dutse tauri, kuma ba ya barin lantarki ya wuce. Abin da ya raba su shi ne yadda ƙwayoyin zarrarsu suka jeru. Wannan jeri mai maimaita kansa, irin na gishiri da tozali, masana ke kira tsarin kiristal.

Mene ne sinadari mai falle-falle?

A bakin fensir, wanda ake kira girafait, ƙwayoyin kabon sun jeru ne shimfiɗa-shimfiɗa, kowace da zanen saƙar zuma. Cikin shimfiɗa ɗaya riƙon yana da ƙarfi ƙwarai, amma tsakanin wata da wata yana da rauni, kamar turamen atamfa da aka jibge a shagon Kantin Kwari: zare turmi ɗaya ba wuya, yaga shi ne aiki. Shi ya sa fensir ke barin zane a takarda. Kaurin milimita ɗaya na girafait yana ɗauke da falle kusan miliyan 3.

A shekarar 2004, Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchesta a Ingila suka yi amfani da salatif wajen ɓare girafait har suka kai ga falle ɗaya tak, wanda ake kira girafin. Aikin ya jawo musu kyautar Nobel a 2010.

Tsari da halin lantarki

A cikin girafin, ƙwayoyin lantarki na gudun kusan mita miliyan ɗaya a daƙiƙa, saboda dukkan gurabun saƙar zuman kabon ne iri ɗaya. Akwai wani sinadari mai wannan zane sak, sai dai gurabunsa sun rabu tsakanin boron da naitirojin. Wannan bambanci kaɗai ya mayar da shi katanga ga lantarki.

Yawan falle ma yana da tasiri. Haɗin molibdinom da farar wuta, wanda aka daɗe ana zubawa a man giris na injina, kusan ba ya fitar da haske idan yana da kauri. A 2010 masana a Amurka suka nuna cewa idan aka mayar da shi falle ɗaya yana fitar da haske sosai. A 2011 aka ƙera makunnin lantarki da shi a birnin Lozan na Suwizalan. Haka kuma idan ƙwayoyin farar wutar suka ɗan sauya mazauni a kewayen molibdinom, sai sinadarin ya daina aikin makunni mai buɗewa da rufewa, ya koma kamar ƙarfe.

Har karkatar falle tana da nata aikin. Duk wanda ya ɗora gidan sauro kan wani ya ɗan karkata shi ya ga sabon zane ya bayyana. A 2018 tawagar Pablo Jarillo-Herrero ta cibiyar MIT ta ɗora girafin kan girafin da karkatar digiri 1.1, sai lantarki ya riƙa wucewa ba tare da wata turjiya ba, amma a sanyin kusan digiri 271 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas.

Maganaɗisu a falle ɗaya

Kowace ƙwayar zarra ta baƙin ƙarfe tamkar ƙaramar allurar kamfas ce, kuma abu yana zama maganaɗisu ne idan allurorin suka fuskanci gefe ɗaya. Wani lissafi na Mermin da Wagner a 1966 ya nuna cewa a falle ɗaya zafi zai wargaza wannan haɗin kai, muddin babu gefen da allurorin suka fi so. Tsarin kiristal ne ke iya samar da wannan gefe.

An tabbatar da haka a 2017 a Jami'ar Washintan da ke Siyatil, da haɗin kuromiyam da aidin. Falle ɗaya ya zama maganaɗisu a ƙasa da digiri 228 ƙarƙashin sifili. Da aka haɗa falle biyu, allurorin na sama da na ƙasa suka juya wa juna baya, ƙarfin ya soke kansa. Da aka kai uku, ya dawo. Daga baya aka gano cewa yadda falle ya zauna kan ɗan'uwansa ne ke yanke hukunci, har ma matsa su da ƙarfi yana iya juya lamarin.

Me ya shafi ɗan kasuwa?

Wayoyin da ake cinikinsu a Titin Beirut da batiran litiyom na sola sun riga sun dogara da irin wannan tsari, domin a yawancinsu litiyom tsakanin fallayen girafait yake shiga ya zauna lokacin caji. Ana kuma sa siraran takardun girafait a waya don watsa zafi, kuma a 2018 kamfanin Huawei ya fitar da Mate 20 X mai fallen girafin na sanyaya ciki.

Abin da ake nema yanzu shi ne ma'ajiyar bayanai da ƙwaƙwalwar kwamfuta masu cin wuta kaɗan, wanda ba ƙaramin alheri ba ne a garin da shaguna ke dogaro da janareta. Babban cikas shi ne zafi, tunda na'urar da sai a matsanancin sanyi take aiki ba ta da amfani a Kano, inda ake kai digiri 40 a watan Afrilu. A 2022 masana a Sin suka bayyana haɗin baƙin ƙarfe da galiyom da teluriyom mai riƙe maganaɗisunsa har sama da digiri 70. Saura samar da irin waɗannan fallaye da yawa, masu faɗi kuma marasa tabo, a farashin da masana'antu za su iya ɗauka.