Ganyen kel: Asalinsa, yadda ake dafa shi a gida da waɗanda ya kamata su yi hattara da shi

Kel, wanda ake rubuta sunansa kale a jikin leda a manyan kantuna, ganye ne ɗan dangin kabeji. A wurin masana tsirrai, shi da kabeji da burokoli da farin kabeji duk jinsi ɗaya ne, wato Brassica oleracea. Bambancinsu shi ne kabeji yana dunƙulewa ya yi ƙwallo, shi kuwa kel ganyensa a buɗe yake fita daga kara, ana tsinkar na ƙasa, na sama yana ci gaba da tofowa.

A 'yan shekarun nan ya yi suna a Amurka da Turai a matsayin abincin masu kula da lafiya, har sunan ya iso kantunan Abuja da Legas, inda ake sayar da shi da tsadar da ta wuce ta alayyahu. To sai dai wanda ya saya ya dafa shi kamar alayyahu yakan ƙare da ganye mai tauri da ɗaci. Wanda kuma yake shan wasu magunguna yana iya jawo wa kansa matsala idan ya rungume shi dare ɗaya.

Asalinsa

Tushen kel yankin gabashin tekun Bahar Rum ne, kuma Girkawa da Rumawa sun noma ire-irensa fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Daga nan ya bazu zuwa arewacin Turai, inda ya zama abincin talaka saboda yana jure sanyin da ke kashe sauran ganyaye. Sanyin ma gyara shi yake yi: idan raɓa ta daskare a kansa, tsiron yakan tara sukari a ganyensa don kare kansa, sai ɗacin ya ragu. Shi ya sa a arewacin Jamus, musamman Bremen da Oldenburg, lokacin hunturu ne kakar cinsa, ana dafa shi da nama har ya yi lugub. A Holan ana kirɓa shi da dankalin Turawa, a yankin Tuskani na Italiya kuwa ana zuba shi cikin miyar wake da busasshen burodi da ake kira ribollita. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Birtaniya ta kwaɗaitar da jama'a su shuka shi a bayan gida domin cike giɓin abinci.

A Afirka, Kenya da Tanzaniya ne gidansa. Nau'in da ake ci a can mai faffaɗan ganye ne, ana kiransa sukuma wiki da harshen Suwahili, ma'ana a tura mako, domin shi ne mahaɗin da ke kai iyali ƙarshen mako idan aljihu ya yi sanyi. Da ugali ake cinsa, wato tuwon masararsu. A Najeriya kuwa, yanayin sanyi irin na Jos, inda ake noman kabeji da karas, shi ya fi dacewa da shi.

Ire-irensa

Uku ne aka fi gani a kasuwa. Akwai mai nannaɗaɗɗen ganye, wanda ya fi yawa, ya kuma fi tauri da ɗaci. Akwai na Italiya, mai dogon ganye kore shar har yana neman baƙi, wanda ya fi saurin nuna kuma ya fi dacewa da miya. Na uku shi ne ja, mai jijiya ruwan hoda ko shuɗi-shuɗi, wanda ya fi laushi, don haka aka fi cinsa ɗanye. Kowanne aka samu, a zaɓi mai ƙananan ganye masu ƙarfi, a guji wanda ya fara rawaya ko ya yi yaushi.

Abin da ke cikinsa

Giram 100 na ɗanyen kel yana ɗauke da bitamin K fiye da ninki 3 na abin da baligi yake buƙata a rana, kuma bitamin C ɗinsa ya zarce na lemon zaƙi mai nauyi ɗaya. Yana da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, da kuma kalsiyam mai gina ƙashi. Wani bincike da Robert Heaney da Connie Weaver suka wallafa a 1990 ya nuna jiki yana tsotse kusan kashi 41 cikin 100 na kalsiyam ɗin kel, alhali na madara kashi 32 ne. Dalili shi ne kel ba shi da yawan sinadarin okzalet, wanda ke ɗaure kalsiyam a wasu ganyaye ya hana jiki amfana da shi.

Wanki da gyara

Lanƙwasar ganyen kel maɓoyar ƙasa ce da ƙananan ƙwari, saboda haka ɗauraya ɗaya ba ta isa. Ana tsoma shi cikin roba cike da ruwa, a motsa, a tsame, a sauya ruwan sau 2 ko 3 har sai an daina ganin yashi a ƙasan robar.

Akwai kuma batun maganin feshi. A 2019, ƙungiyar EWG mai sa ido kan muhalli a Amurka ta sanya kel a matsayi na 3 cikin kayan lambun ƙasar da aka fi samun ragowar magani a jikinsu. Kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda aka gwada suna ɗauke da maganin ciyawa mai suna DCPA, wanda Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta dakatar da amfani da shi cikin gaggawa a watan Agustan 2024 saboda haɗarinsa ga jaririn da ke ciki. Alƙaluman na gonakin Amurka ne, amma darasin na kowa ne: wanki yana rage ragowar magani, ba ya kawar da shi duka, don haka sanin inda ganye ya fito yana da muhimmanci. Idan kuma daga lambun da ake bayi da ruwan kwata ya fito, dafawa ta fi cinsa ɗanye aminci.

Bayan wanki sai cire jijiyar tsakiya, wadda ita ce silar mafi yawan ƙorafin tauri. Ana riƙe gindinta da hannu ɗaya, a zuge ganyen da ɗaya hannun. Ba lallai a zubar da ita ba. Ana iya yanka ta ƙanana a fara soya ta tare da albasa, tunda ta fi ganyen jinkirin nuna.

Hanyoyin dafa shi

Ɗacin kel daga wasu sinadarai masu ƙibiritu yake, waɗanda ke tashi idan an yanka ganyen ko an tauna shi. Zafi yana karya su, gishiri da tsami da mai kuma suna danne abin da ya rage. Duk dabarun dafa shi a kan wannan suka ginu.

Suya irin ta Kenya ita ce mafi sauƙi. Ana yanka ganyen siri-siri, a soya albasa da tumatir da attaruhu a ɗan mai, a zuba shi da gishiri, a riƙa juyawa na minti 5 zuwa 7. Ana saukewa yana nan kore, da ɗan ƙarfinsa. Man da aka sa yana da amfani bayan ɗanɗano, domin bitamin A da K sai da maiƙo jiki ke iya tsotse su sosai.

Idan ganyen ya tsufa ko ɗacinsa ya yi yawa, ana fara tsoma shi a tafasasshen ruwa mai gishiri na minti 2 zuwa 3, a tsame, a zuba masa ruwan sanyi, a matse. Wannan matsattsen ganyen yana karɓar kwaɗo da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir kamar yadda zogale da rama suke yi, yana kuma shiga dambu da fate. Sai dai wani kaso na bitamin C yana bin ruwan da aka zubar, saboda haka turarawa ta fi tafasawa kiyaye shi.

A miyar ganye ko ta taushe, kel yana son a riga alayyahu zuba shi, a ba shi minti 10 zuwa 15. Ba ya narkewa kamar alayyahu, don haka kaɗan yana cika tukunya. Kanwa tana saurin laushe shi, amma tana lalata bitamin C da B1, ta kuma sa ya yi caɓa-caɓa. Barinsa a wuta fiye da kima yana fito da warin nan na kabejin da ya daɗe a tukunya.

Mai son cinsa ɗanye sai ya yanka shi, ya zuba ɗan gishiri da mai da ruwan lemon tsami, ya murza da hannu na minti 2 zuwa 3 har ganyen ya yi duhu ya saki jiki. Mai tanda kuwa yana iya shafa masa mai kaɗan, ya baza a faranti, ya gasa a zafin digiri 150 na kimanin minti 15 har ya yi ƙaras-ƙaras.

Ajiya

Ba a wanke kel sai za a dafa shi, domin laima tana ruɓar da shi. A firiji yana kai kwana 5 zuwa 7 cikin leda. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, a naɗe shi da ɗanyen tsumma a inuwa, a dafa cikin kwana 2. A nisanta shi daga ayaba da tumatir da tuffa, saboda iskar da suke fitarwa yayin nuna tana sa shi rawaya da wuri.

Waɗanda ya kamata su yi hattara

Hausawa na cewa abincin wani gubar wani. Na farko su ne masu shan warfarin, maganin tsinka jini da ake bai wa wasu masu ciwon zuciya ko waɗanda jini ya taɓa daskare musu a jijiya. Bitamin K shi ke taimaka wa jini ya daskare, don haka ƙara cin kel kwatsam yana rage ƙarfin maganin. Likitoci ba sa hana su ganye; abin da suke nema shi ne adadin da ake ci ya daidaita, kuma a sanar da su kafin a sauya shi.

Na biyu masu maƙoƙo ko ƙarancin sinadarin aidin. Dangin kabeji suna da sinadaran da ke iya tauye yadda jiki ke sarrafa aidin idan ana cinsu ɗanye da yawa, kamar masu markaɗa shi suna sha kullum. Dafawa tana rage su, gishiri mai aidin kuma kariya ne. Na uku masu ciwon ƙoda da aka taƙaita wa fotasiyam, waɗanda ya kamata su tuntuɓi likita tukuna.

Ga sauran jama'a, kel ƙari ne mai kyau a tukunya idan an same shi da araha. Wanda bai samu ba kuwa bai yi asara ba, domin zogale da alayyahu da rama da yakuwa suna ba da yawancin abin da ake nema a jikinsa, kuma suna nan a kasuwar unguwa.