Lungu Marar Ɓullewa a Haɗeja

Lungu marar ɓullewa siririyar hanya ce da ke kutsawa tsakanin gidaje kaɗan, ta tuƙe a zauren wani ko a katanga. Marubuta tarihin Haɗeja sun cika takardu da yaƙe-yaƙen Sarki Buhari da shahadar Sarki Muhammadu a 1906, ba su waiwayi lungu ba.

Cunkoson cikin birni ya samo asali ne daga zamanin Sarki Sambo, wanda ya hau a 1808, ya mai da Haɗeja mazaunin sarauta, ya faɗaɗa ganuwa.

Ba mai zana lungu, gado ke haifar da shi. Maigida ya rasu, 'ya'ya su raba gida, kowa ya ja katangarsa. Wanda rabonsa ya faɗo can ƙurya sai a yankar masa hanya, faɗinta daidai wucewar jaki da mangala ko fitar makara. Fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan daular Sakkwato suka riƙa hukunci da shi, ya bambanta hanya mai ɓullewa, wadda ta kowa ce, da marar ɓullewa, wadda haƙƙinta na mazaunanta ne. Ba a buɗe sabuwar ƙofa a cikinta sai da yardarsu. Shi ya sa baƙo yana shiga za a ji daga kan dakali, "Malam, wurin wa ka zo? Ba ya ɓullewa." Rigimar lungu ba ta cika wuce kwata da juya indararo ba, kuma galibi a gaban mai unguwa take mutuwa.

Dokar ƙasa ta Turawa ta 1910 da Dokar Amfani da Filaye ta 1978 sun ɗora ikon fili a hannun hukuma, amma ba su sauya wannan al'ada ba. Bulo da kwano ne suka ture tubali da azara, ambaliyar kogin Haɗeja kuma, irin ta 2020 da 2022, ta ƙara wa mutane gudun ginin ƙasa.

A sababbin unguwanni masu awon gwamnati ana yanka layi da faɗin da mota za ta shiga. Lungunan cikin birni kuwa har yau babur da kurar ruwa ne iyakarsu.