Kasuwar Jega, Gidan Gwandu da Zaren Matan Cikin Gida

Yau ba girki za mu yi ba, ba kuma rainon yara ba. Tarihi za mu taɓa, na garin da kayan miyarmu da atamfofinmu suke fitowa, wato Jega. Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa sa ƙafa a kasuwar nan ba, sai dai mu aiki yaro ko mu jira maigida ya dawo da cefane. To ki gyara zama, don akwai hannun irinki a cikin labarin nan, za mu zo wurin.

Jega ba tsohon gari ba ne kamar Birnin Kabi ko Katsina. Shekarunta ɗari biyu ne da 'yan kai, kuma daga rikici ta fito. A cikin almajiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo akwai wani malami Ba'are, Malam Abdussalami, wanda ya zauna da jama'arsa a Gimbana, ba nisa da inda Jega take a yau. A ƙarshen shekarar 1803 dakarun Sarkin Gobir Yunfa suka auka wa Gimbana, suka kama mutane maza da mata. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Ɗegel, jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan na cikin abin da ya jawo hijira zuwa Gudu a 1804, da jihadin da ya biyo baya.

Bayan an ci nasara, Abdussalami ya ga kamar rabon da aka ba shi bai kai wahalar da ya sha ba. Da Shehu ya rasu a 1817 sai ya yi wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tawaye daga Kware. Aka ci garin a farkon 1818, shi kuma ya rasu sakamakon raunin da ya samu. Sauran mutanensa suka tattaru a Kalambaina, kusa da Gwandu, suka gagari Malam Abdullahi ƙanen Shehu, mai riƙe da yammacin daula. A lokacin akwai 'yar tsama tsakanin Abdullahi da Bello kan gadon Shehu, amma Bello ya taso da runduna ya taimaki baffansa, aka ci Kalambaina wajajen 1821. Masu tarihi suna ba da labarin cewa da suka haɗu, Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don girmama baffa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi, ya kuma miƙa rigarsa ta wazirci ga Giɗaɗo, mijin Nana Asma'u. Ki riƙe zancen rigar nan a ranki.

Bayan wannan ne Buhari, ɗan Abdussalami, ya yi mubaya'a, aka bar shi ya kafa gari a bakin Gulbin Zamfara. Garin nan shi ne Jega, zuriyarsa su ne Gimbanawa, sarautarsu kuma Sarkin Kabin Jega. Ni dai a ganina wannan na cikin dabarun mulki mafi kyau da Gwandu ta taɓa yi. Da an bi ɗan da laifin uban, da ba a sami kasuwar da ta ciyar da masarautar ba.

Me ya sa kasuwar ta bunƙasa? Na farko ruwa. Gulbin Zamfara yana zuba a Gulbin Kabi, shi kuma ya gangara Kwara, don haka in ruwa ya cika jiragen Nufawa kan hauro da kaya. Na biyu, Birnin Kabi da ta daɗe tana riƙe da cinikin yankin ta faɗi a 1805, fatake suna neman sabon zango. Daga 1849 kuma Kabawa suka tayar da yaƙi ƙarƙashin Yakubu Nabame, hanyar yamma ta bi ta Argungu ta zama abin tsoro, ayari ya riƙa karkatowa kudu. Fataken goro masu zuwa Gwanja, can Salaga a ƙasar Gana ta yau, sukan yada zango a Jega su sayi jakuna da guzuri da tufafin da za su sayar a gaba. Gishirin Foga yana zuwa daga yamma, kanwa daga gabas, dawaki da shanu daga arewa, ana ciniki da wuri. Kuma kada mu ɓoye, ana sayar da bayi a kasuwar nan, cikinsu har da mata da 'yan yara da aka raba da iyayensu. Wani kaso na arzikin da za mu yi zancensa daga guminsu ya fito.

To ina dukiyar take zuwa? Kaso mai tsoka yana tafiya Gwandu, gidan Malam Abdullahi, wanda har sarakunan Nufe da Ilori suke aika wa gaisuwa. Abin da gidan ya fara ɗaukar nauyi shi ne alƙalami. Shi kansa Abdullahi marubuci ne, mawaƙi. Tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili, har yanzu malamai suna karanta shi, kuma ya tara waƙoƙinsa na Larabci a littafin Tazyinul Waraƙati. Ki tuna babu injin ɗab'i. Kowane littafi sai an sami mai kyan hannu ya zauna wata da watanni yana kwafa, a kan takardar da ta ƙetaro hamada daga Italiya ta hanyar Tarabulus, da tawadar da aka dafa a gida. In ya gama, baduku ya ɗinka wa littafin gafaka. Duk waɗannan sai an ciyar da su, an tufatar da su.

Ga shaida guda. A 1853 Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarimu, ya sauka Gwandu a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu. Sarki Halilu ɗan Abdullahi, wanda ya yi mulki daga 1833 zuwa 1858, mutum ne mai gudun duniya, bai ma yarda sun ga juna ba. Amma a garin aka ara wa baƙon littafin Tarihus Sudan, tarihin daular Sanwai da aka rubuta a ƙarni na 17. Ya yi 'yan kwanaki yana kwafar abin da ya iya, kuma ta nan ne malaman Turai suka fara sanin abin da ke cikinsa. Littafin da Turai ba ta da shi, ga shi a ɗakin wani malami a Gwandu.

Kiɗa fa? Nan Malam Abdullahi yana da tsanani, har ya fi yayansa Shehu. Bai son kayan kiɗa, bai son ƙawa. Wajajen 1807 ma ransa ya ɓaci da yadda ya ga jama'a sun koma son manyan riguna da dawaki da muƙamai, ya kama hanyar Makka, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, daga baya ya komo. Abin mamaki, gidan mutumin da ya yi kuka da son riguna shi ne ya zama babban mai ba da su. Ba don ƙawa kaɗai ba. A wancan zamani riga magana ce. In an naɗa hakimi, riga da rawani. In malami ya sauke littafi ko ya kawo waƙa, riga. In baƙo ya zo daga nesa, riga. Kin ga abin da ya sa na ce ki riƙe labarin Giɗaɗo.

Yanzu mu warware rigar nan mu ga hannu nawa ne a ciki. Mai ɗinkin aska takwas ko aska biyu a gaban riga galibi malami ne ko almajiri, yana iya shafe watanni a kan guda ɗaya, wani lokaci da zaren tsamiya ko alharini. Kafin shi akwai maɗinki da ya harhaɗa sirararan ƙyallaye, akwai marini a bakin karofi, akwai mabugi da ya fito da sheƙin shuni, akwai masaƙi. Kafin su duka kuwa akwai mace a tsakar gida. Ita ce ta gurje auduga ta fitar da angurya, ta shiɓe ta da baka, ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari. Siririn zare daban, abawa daban, kuma mata da yawa ne suke kaɗa abin da masaƙi ɗaya zai cinye. Ba ta je kasuwa ba. Dillaliya ce ko 'yar talla take fitar da zaren ta dawo mata da wuri, da shi take tara wa 'yarta kayan ɗaki. Wasu masu kaɗin 'ya'ya ne a ɗakin aurensu, wasu kuyangi ne da ba su ga ko wuri ɗaya na aikinsu ba. An san sunan sarkin da ya ba da riga, sau da yawa an san na wanda aka bai wa, amma ba a rubuta sunan wadda ta kaɗa zaren ba.

Ba wai gidan su Shehu ya manta da mata ba ne gaba ɗaya. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta naɗa jajoji tana ba kowace malfa, suna kai karatu ga matan ƙauyuka. Su ne 'Yantaru. Waƙa ce da za ki iya rerawa hannunki yana kan mazari.

Faɗuwar wannan tsari ba ta ɗauki lokaci ba. Yaƙin basasa ya rusa Salaga a 1892. A 1897 kamfanin Turawa na Royal Niger ya ci Bida da Ilori, gaisuwar kudu ta yanke. A 1903 Turawan Ingila suka karɓe ƙasar, daga baya fadar Gwandu ta koma Birnin Kabi. Goro ya koma bin teku zuwa Ikko, jirgin ƙasa ya kai shi Kano. Yadin Ingila da zaren inji suka cika kasuwa, mazari ya fara komawa ƙarƙashin gado.

Jega dai ba ta mutu ba, don motoci sun gaji jakuna a hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi Tambuwal ta wuce Yawuri. Maƙwabtanta ma kowa ya kama tasa sana'ar. Aliero ta yi suna da albasa da kuma gwanayen ɗori, har daga ƙasashen maƙwabta ake kawo musu masu karaya, kuma a 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta Jihar Kebbi a can, wadda daga baya aka sa wa sunan Abdullahi Fodiyo. Ƙasar Maiyama kuwa ta fitar da mawaƙin da babu fadar da ta ɗauki nauyinsa, marigayi Alhaji Muhammadu Gambu na Fagada, mai waƙar ɓarayi. Iyayen gidansa su ne waɗanda yake yi wa waƙar, kafin daga baya ya ajiye kiɗan. Allah kaɗai ya san abin da Malam Abdullahi zai ce da ya ji shi a ƙasarsa!

Idan akwai tsohuwa a gidanku da ta taɓa kaɗi, ki tambaye ta nawa ake sayen zarenta, wace dillaliya ce take karɓa, wane masaƙi ake kai wa. Ki sa yaro ya rubuta ki aiko mana, za mu karanta a fili na gaba in Allah ya kai mu. A huta lafiya.